Iyakar Gona Da Iyakar Ƙirƙira: Yadda Alƙalamina Ya Cuci Kawuna

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja ya san cewa rigimar gona ba ta cika tasowa ana tsakiyar damina ba. Sai kogi ya cika ya batse, ya shafe fadama, sannan ya janye da kaka, a lokacin ne mutane kan fito neman iyakokinsu a cikin laka. Ina yaro na sha bin mahaifina, Allah Ya jiƙansa, zuwa irin wannan zama a gonarmu da ke wajen Auyo. Bulama kan zo da dattawa biyu ko uku, a tsaya a bakin kunya. Wanda ya dasa jema ko gamba a kan iyakarsa yana da abin nunawa, domin ruwa ba ya tumɓuke saiwarsu. Wanda kuwa zai ɗaga haɓa ya ce gonarsa ta kai “har can wajen”, to nan take maganarsa kan yi rauni. Ban taɓa jin Bulama ya tambayi wanda ya fi shan wahala a gonar ba. Tambayarsa kullum guda ce: daga ina zuwa ina?

Na yi shekara talatin ina koyar da Hausa da Turanci a makarantar sakandare. A unguwarmu ni ne mai rubuta wa mutane takardar koke, da jawabin biki, da wasiƙar neman aiki. Ina alfahari da alƙalamina, kuma wannan alfaharin ne ya jawo abin da zan ba da labari.

Kawuna maƙeri ne na gado, daga baya ya koyi walda. Yawancin masu kawo masa aiki masu bandar kifi ne, domin kowa ya san matsayin kasuwar kifi ta Haɗeja, inda ake cika kwalaye da bandar tarwaɗa da karfasa ana lodawa zuwa kudancin ƙasar nan. Kukan masu banda iri ɗaya ne. Kifi mai maiƙo idan ya ji zafi sai mansa ya riƙa ɗiga cikin wuta, wuta ta tashi, bayansa ya ƙone ya yi baƙi da ɗaci alhali cikinsa bai bushe ba. Bayan kwanaki kaɗan sai ya ruɓe a cikin kwali. Wani lokaci ma rumfar ce gaba ɗaya take kamawa.

Kawu ya kwashe kusan shekara biyu yana ƙerawa yana warwarewa. Abin da ya samu a ƙarshe ƙaramin abu ne a ido. Tsakanin wuta da ragar da ake shimfiɗa kifi ya saka wani faranti a karkace, ya huda shi wuri-wuri, kowace huda kuma ya ɗaga mata baki sama kamar bakin tulu. Hayaƙi da zafi suna bi ta hudojin su hau wurin kifi, amma man da ya ɗigo ba ya iya tsallake bakin hudar, sai ya gangara ya bi wata 'yar kwata ya zuba a gwangwani a waje. Wuta ta daina tashi, kifi ya fito ja, ga kuma man da aka tara.

Wani ɗan uwanmu da ke aiki a Abuja ne ya ba da shawarar a yi wa abin rajista kafin a kai shi kasuwa. Kawu ya zo gidana bayan sallar isha'i, ya ce, “Malam, kai ne mai boko a gidan nan. Rubuta musu yadda za su gane abin nan nawa ne.” Na ce, “Kawu, ka kwantar da hankalinka, wannan ƙaramin aiki ne.”

Ga wanda bai san wannan fanni ba, bari in yi ɗan bayani. Najeriya tana da dokar mallakar ƙirƙira da zane-zanen masana'antu tun shekarar 1970. Dokar ta ce duk wanda ya ƙirƙiro abu sabo, wanda ya fito daga zurfin tunani ba abin da kowane ma'abocin sana'ar zai gano da sauƙi ba, kuma wanda za a iya amfani da shi a sana'a ko masana'anta, yana iya neman takardar mallaka. Takardar tana ba shi ikon hana wasu ƙera abin, ko sayar da shi, ko shigo da shi, har tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙatarsa, muddin yana biyan kuɗin sabuntawa na kowace shekara. Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Mai nema yakan gabatar da cikakken bayanin abin da ya ƙirƙiro, da zanensa idan akwai buƙata, sannan da wasu 'yan jimloli a ƙarshe waɗanda suke faɗin ainihin abin da yake so a kare masa. Waɗannan jimlolin ne nake kira da'awa, kamar yadda ake kiran abin da mai ƙara ya tsaya a kai a gaban alƙali.

Na zuba basirata a kan bayanin. Na yi shafi huɗu, na kawo tarihin su a kogin Haɗeja, na yabi hazaƙar Kawu, na kwatanta farantin nan mai hudoji dalla-dalla. Da na zo kan da'awa kuwa, sai na ɗauke ta kamar kammalawar insha'i, wurin taƙaita abin da aka riga aka faɗa. Ga abin da na rubuta, idan an mayar da shi Hausa: “Ingantaccen murhun bandar kifi na ƙarfe, mai raga uku, da ake hurawa da gawayi, mai ƙarko, wanda yake busar da kifi da sauri da tsafta fiye da na gargajiya.” Jimlar ta yi mini daɗi a baki. Farantin kuwa, tunda na riga na yi masa shafi guda a baya, ban ga dalilin maimaita shi ba.

Bayan watanni takarda ta fito da hatimi. Kawu ya sa aka yi mata gilashi ya rataye a shago. Aka yi addu'a, aka raba goro.

Ba a yi shekara biyu ba sai ga murhu irin nasa a kasuwa, an kawo daga wani gari, da yawa kuma da araha. Raga huɗu gare shi, da itace ake hura shi, amma da ka buɗe ƙofarsa farantin Kawu ne zaune a ciki, da karkatarsa da hudojinsa da kwatarsa. Masu sayen na Kawu suka ragu, har ya sallami biyu daga cikin yaran shagonsa. Muka ɗauki takardarmu muka tafi Kano wurin wata lauya da ta san wannan fanni. Ban manta yadda ta yi ba. Ta tsallake shafukana huɗu ba ta ko duba su ba, ta wuce shafin ƙarshe, ta karanta jimlar nan sau biyu, sannan ta ɗago ta dubi Kawu ta ce, “Baba, wa ya rubuta maka wannan?” Kawu bai nuna ni ba. Ya ce, “Mu muka rubuta.”

Abin da ta bayyana mana shi ne, sashe na 6 na dokar ya ce kalmomin da'awa ne suke yanke faɗin kariyar da mutum yake da ita, bayani da zane kuwa ana komawa gare su ne kawai don fahimtar abin da da'awar take nufi. Ni na ce raga uku, mutumin ya yi huɗu. Na ce gawayi, ya yi itace. Ya fita daga gonarmu ke nan. Abin da yake sabo na gaskiya kuwa, wato farantin, na kwatanta shi sarai a cikin bayani yadda kowane mai walda zai iya ƙera shi, amma ban kewaye shi da da'awa ba. Na koya wa duniya yadda ake yi, na kuma bar ƙofa a buɗe.

Na ce mata, to ai ofis ya karɓa ya buga hatimi. Sai ta nuna mini sashe na 4. A tsarin Najeriya magatakardan rajista yana duba ne ko takardu sun cika kuma an biya kuɗi. Doka ba ta ɗora masa binciken ko abin sabo ne, ko da'awar ta yi ƙarfi ba. Ta ma faɗa a fili cewa ana bayar da takardar ne ba tare da lamunin ingancinta ba, nauyin yana kan mai ita. Ranar da za a san ƙarfin takarda ita ce ranar da aka je gaban Babbar Kotun Tarayya. Wato hatimi ba jema ba ne. Ranar ambaliya ake sanin wanda ya dasa iyaka.

A motar komawa gida, daga Kano har Haɗeja, Kawu bai ce mini uffan a kan maganar ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar na shiga karatun wannan fanni kamar ɗalibi, kuma ga abin da na fahimta, ko Allah zai sa ya amfani wani.

Na farko, a rubutun da'awa, yawan kalma ƙanƙantar gona ne. Wannan ya saɓa wa duk abin da na saba. Kowace siffa da ka ƙara sharaɗi ce da sai mai kwaikwayo ya cika ta kafin a ce ya taka haƙƙinka. Idan ka ce “na ƙarfe”, ka ba mai yin na bulo hanya. Idan ka ce “uku”, ka ba mai huɗu hanya. Don haka kowace kalma sai ka tsayar da ita ka tambaye ta: in na cire ki, abin zai daina aiki? In zai ci gaba da aiki, ba wurinta ba ne.

Na biyu, kada gudun ƙunci ya kai ka ga haɗama. Samuel Morse, Ba'amurken da ya shahara da wayar tangaraho, ya rubuta da'awoyi a kan na'urarsa, amma a ta takwas sai ya ce shi ne mai duk wata hanya ta amfani da ƙarfin lantarki wajen rubuta alamu daga nesa, ko da wace irin na'ura aka yi. A shekarar 1854 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wannan da'awar, domin ya nemi mallakar abin da bai ƙirƙiro ba, bai kuma bayyana ba. Da ni ma na ce Kawu ne mai duk wani murhun banda mai ragogi a jere, da an kawo mana murhun Chorkor da aka fito da shi a Ghana tun wajen 1969, an rushe mu da shi. Wanda ya shata iyaka har cikin gonar maƙwabci yana iya rasa har tasa. Kafin ka rubuta, sai ka san abin da aka riga aka yi.

Na uku, abu ɗaya suna ɗaya. Na shekara talatin ina jan kunnen ɗalibai kada su maimaita kalma, su nemo 'yar uwarta. A nan kuwa, idan ka kira abu faranti a layin farko, ka kira shi faifai a na biyu, marfi a na uku, lauyan abokin shari'arka zai ce abubuwa uku ne, nasa kuwa guda ɗaya ne kawai. Maimaici a nan ba aibi ba ne.

Na huɗu, da'awa ba kirari ba ce. “Ingantacce”, “mai ƙarko”, “da sauri”, “da tsafta”: wace daga cikinsu alƙali zai iya aunawa? Mu Hausawa muna son yabo, har haja ba ta sayuwa sai an yi mata take. Amma da'awa tana faɗin sassan abu ne da yadda suke haɗe da juna, ba kyansa ba. Malamanmu na fiƙihu sun riga kowa sanin haka. Duk wanda ya zauna a kotun shari'ar Musulunci ya san alƙali ba ya sauraron da'awar da ba a tantance ta ba. Littafin Tuhfa na Ibn Asim, wanda alƙalanmu suka daɗe suna aiki da shi, ya sanya tabbatuwar da'awa da bayyana ta a matsayin sharaɗi. Mai cewa “ina binsa wani abu” ba a ko tambayar wanda ake ƙara.

Na biyar, ƙaramar kalma tana iya kayar da babban gini. A shekarar 2004 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke hukunci tsakanin kamfanonin abinci biyu, Chef America da Lamb-Weston. Da'awar kamfanin farko ta ce a dumama ƙullu har ya kai zafin digiri 400 zuwa 850 a ma'aunin Fahrenheit, wato sama da digiri 200 a ma'aunin da muka saba da shi. Nufinsu tanda ce za ta yi wannan zafin, domin ƙullun da ya kai haka ya zama gawayi. Bambancin a Turanci kalma ce mai harafi biyu. Kotu ta ce ba aikinta ba ne ta gyara wa mutum da'awarsa, abin da ya rubuta shi za ta karanta. Suka faɗi shari'ar. Da na karanta wannan na ɗan sami sanyi, ashe ba malamin sakandare kaɗai ke irin wannan tuntuɓe ba.

Na shida, a yi shinge bayan shinge. Ana fara wa ne da uwar da'awa, wadda ta ɗauki ainihin ƙirƙirar da kalmomi mafi ƙaranci. Sai a biyo ta da 'ya'yanta, kowacce tana komawa ga uwar tana ƙara siffa guda. Idan kotu ta ga uwar ta yi faɗi ta soke ta, 'ya'yan suna iya tsayawa. Kuma duk abin da ke cikin da'awa sai an same shi a cikin bayani, domin dokar ta hana da'awa ta zarce iyakar bayanin.

Da na san wannan a wancan dare, ga abin da zan rubuta: “Murhun bandar kifi wanda ya ƙunshi wurin wuta, da aƙalla raga ɗaya a samansa, da faranti a karkace tsakanin wurin wutar da ragar, farantin yana da hudoji waɗanda bakin kowaccensu ya ɗaga sama da fuskar farantin, da kuma kwata a gefen farantin na ƙasa wadda take fitar da mai zuwa wajen murhun.” Ta biyu ta ce: murhu kamar na da'awa ta ɗaya, wanda ragoginsa uku ne. Ta uku: wanda jikinsa na ƙarfe ne. Jimla ce mara daɗin ji, ba wanda zai yi mata tafi. Amma da ita ce a takardar, da mai raga huɗu bai sami hanyar wucewa ba.

Wannan ba ƙa'idar Najeriya kaɗai ba ce. Yarjejeniyar haɗin gwiwa ta duniya a kan mallakar ƙirƙira, wadda hukumar WIPO da ke Geneva take kula da ita, kuma Najeriya ta shiga cikinta a 2005, ta buƙaci da'awa ta zama bayyananniya, taƙaitacciya, mai jingina ga bayani. Ya kamata kuma mu da muke kusa da iyaka mu sani cewa takardar Abuja ba ta tsallake Maigatari. Nijar tana cikin wata ƙungiya ce daban, OAPI, mai hedikwata a Yaoundé, wadda rajistarta guda take aiki a duk ƙasashen da ke cikinta.

Na san akwai masu cewa duk wannan rowa ce, ilimi ba a ɓoye shi. Kawu da kansa yakan ce Allah ne Ya ba shi, ba wayonsa ba. Amma takardar mallaka kishiyar ɓoyewa ce. Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da al'umma: ka bayyana sirrinka gaba ɗaya, a ba ka shekara 20 ka ci guminka, daga nan ya zama na kowa. Mai abu kuma yana da ikon ya bayar kyauta idan ya ga dama. Mohammed Bah Abba, malamin nan na kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, ya raba dubban tukwane a ƙauyuka, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Wannan alheri ne da ya zaɓa da kansa. Kyauta daban, abin da ya suɓuce maka saboda kuskuren alƙalami daban.

Ƙasar nan tamu cike take da matsalolin da ke jiran masu dabara. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin ta sauya, kachala ta toshe hanyoyin ruwa daga Guri har Kirikasamma, ga tsuntsayen jan-baki suna cinye shinkafa. A shagunan walda na Haɗeja da Malam Madori da Kafin Hausa akwai masu ƙera injin casa da na ban ruwa, suna gyara su ta hanyoyin da ba a rubuta a ko'ina ba. Rokona ga kwalejin Binyaminu Usman da ke nan Haɗeja da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa shi ne su koyar da rubutun da'awa, su kuma buɗe ƙofa ga masu sana'ar hannu, da Hausa. Hukumar NOTAP da ke Abuja tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen shirya takardu da shigar da su, amma maƙeri nawa ne a fadamar nan suka taɓa jin sunanta?

Watannin baya Kawu ya sake zuwa gidana bayan isha'i, da wani abu naɗe a buhu. Na ce, “Kawu, bayan abin da ya faru, ni kuma?” Ya ce, “Malam, wanda ya taɓa faɗawa rami ai shi ya san inda ramin yake.” Ba zan faɗi abin da ke cikin buhun ba, domin doka tana ɗaukar abu sabo ne kawai idan bai riga ya fita ga jama'a ba, ko a rubuce, ko da baki, ko ta hanyar amfani da shi, kuma wanda ya riga shigar da takarda shi ake ba haƙƙi. Layi biyu a wannan shafi sun isa su kashe shi.

Mun yi dare bakwai a kan jimla guda. Ina rubutawa da Turanci, in mayar masa da Hausa, shi kuma yana riƙe da abin a hannu yana bin kowace kalma da yatsa a jikinsa. A dare na ƙarshe na karanta masa, ina ganin ba sauran abin cirewa. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Maimaita wurin da ka ce ƙusa.” Na maimaita. Ya ce, “Cire ta. Ni da ƙusa na haɗa, amma wani zai iya ɗaurewa da waya.”

Na cire. Gobe da safe zan kai wa lauyar nan ta Kano ta duba kafin ta wuce Abuja.